Yadda ake kafe jirgin filafili da anga a tsibiran Grenadines idan iska ta tashi

Tsakanin tsibirin Saint Vincent da Girenada, a gabashin tekun Karibiyan, akwai jerin ƙananan tsibirai da ake kira Grenadines: Bequia, Mustique, Canouan, Mayreau, Union, Carriacou, Petite Martinique da wasu ƙanana, yawancinsu ba kowa a kansu. Daga wannan zuwa wancan tafiyar 'yan awoyi ce a jirgin ruwa mai filafilai, shi ya sa masu yawo da irin wannan jirgi suke tururuwa can daga Disamba zuwa Mayu. Tuƙin ba shi ne abin wuya ba. Abin wuyar shi ne kwana, domin yawancin wuraren ba su da tashar da za ka ɗaure jirgi, sai dai ka saki anga, wato ƙarfen da ake saukewa ƙasan ruwa da sarƙa don ya riƙe jirgi, a wani lungun teku ka damƙa mata ranka da na waɗanda ke tare da kai. Duk wanda zai yi wannan tafiya, ko da jirgin haya ne na mako guda, wajibi ne ya iya kafa anga yadda za ta riƙe ko da iska ta ninka cikin dare. Kusan duk aikin kuwa da rana ake yinsa, tun sama tana garau.

Fara da sanin iskar wurin

Iskar yau da kullum a nan daga gabas take zuwa, ko arewa maso gabas, da gudun kilomita 28 zuwa 37 a awa. Daga ƙarshen Disamba zuwa Fabrairu takan ƙara ƙarfi ta kai kilomita 45 ko fiye, ta yi kwanaki ba ta sassauta ba. Saboda haka kusan duk wuraren kwana suna yammacin tsibirai ne, inda tudu yake tare iska da raƙuman ruwa.

Abubuwa uku ne suke ɓata wannan tsari. Akwai hadarin farat ɗaya: gajimare mai baƙin gindi da labulen ruwan sama a ƙarƙashinsa, ya taho daga gabas, ya zo da iska mai ƙarfi na minti goma zuwa talatin, ya wuce. Akwai dogayen raƙuman ruwa da ke gangarowa daga arewacin Atlantika lokacin hunturu, waɗanda suke zagayowa su shiga lungunan yamma ko da babu iska, su yi ta jijjiga jirgi har kwanuka su zube. Sai kuma mahaukaciyar guguwa, wadda lokacinta ke farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba. Da yawa daga cikin waɗannan guguwoyi daga nahiyarmu suke samo asali: hadarin damina da ke ratsa yankin Sahel ya nufi yamma, ya fice ta gaɓar Senegal, ya bi ta kusa da tsibiran Cabo Verde, idan ya samu ruwan teku mai ɗumi sai ya fara juyawa yana girma.

Ka riƙe wannan lissafi a ranka, domin shi ne tushen komai: idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da take tura jirgi da shi ninkawa yake yi sau huɗu. Angar da ta riƙe ka lafiya lau da la'asar a iskar kilomita 30, idan hadari ya kawo kilomita 60 da tsakar dare, nauyin da zai hau kanta ninki huɗu ne. Don wannan iskar ta tsakar dare za ka kafa ta.

Kowace safiya da yamma ka duba hasashen yanayi. A lokacin guguwa, cibiyar lura da mahaukaciyar guguwa ta Amurka da ke Miami ita ce madogara. Ka kuma riƙa kallon na'urar auna nauyin iska ta cikin jirgi. A ƙasashen zafi tana hawa da sauka sau biyu a rana bisa ƙa'ida, ta hau wajen ƙarfe goma, ta sauka wajen ƙarfe huɗu, safe da yamma. Ranar da ka ga ta bar wannan ƙa'ida tana ta gangarawa ƙasa, wani abu na tafe.

Kayan aikin, tun kafin ka bar tasha

Zare sarƙar gaba ɗaya ka shimfiɗa ta a kan dandamalin tasha. Na san aiki ne mai gajiyarwa a cikin rana, amma kada ka tsallake shi, musamman a jirgin haya da ba ka san tarihinsa ba. Ka auna tsawonta da kanka. Ga jirgi mai tsawon mita 12, sarƙa mai kaurin milimita 10 da tsawon mita 60 zuwa 80 ta isa waɗannan wurare. Ka sa mata alama a kowace mita 10, da fenti ko ƙyalle mai launi, ka rubuta ma'anar launukan a cikin murfin rumbun sarƙa inda mai sakin anga zai gani. Duba maƙallin da ya haɗa anga da sarƙa: dole a ɗaure kan ƙusarsa da waya don kada ta warware a ƙarƙashin ruwa. Sannan duba ɗaya ƙarshen sarƙar. Kada a haɗa shi da jikin jirgi da ƙarfe. A ɗaure shi da igiya mai ƙarfi wadda tsawonta zai fito har saman jirgi, ta yadda idan ta ɓaci za ka sa wuƙa ka yanke ka tsira.

Angogi iri-iri ne. Akwai tsohuwar CQR da aka ƙirƙira a Ingila a 1933, akwai Bruce da Delta, akwai masu faffaɗan baki irin Danforth da Fortress waɗanda suka fi kyau a laka da yashi mai laushi, akwai kuma na baya-bayan nan irin Rocna da Spade da Mantus. Ni dai a ganina na baya-bayan nan sun fi, saboda suna nutsewa da wuri kuma idan iska ta juya sukan juya a cikin yashin ba tare da sun tumɓuke ba. Amma kowace ce ka samu a jirgin, yadda ka kafa ta ya fi sunanta muhimmanci. Ka tabbata akwai anga ta biyu da tata sarƙar da igiyar, a inda hannu zai kai gare ta cikin duhu.

Zaɓen wuri da shiga

Ka tsara tafiyarka ta yadda za ka isa tsakanin ƙarfe goma na safe da uku na rana, rana tana sama ko tana bayanka. Dalili shi ne a waɗannan tsibirai da ido ake karanta ƙasan teku, taswira taimako kawai take yi. Mutum ɗaya ya tsaya a goshin jirgi sanye da tabarau mai kashe ƙyallin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Shuɗi mai haske da ya ja zuwa kore yashi ne, shi kake nema. Kore mai duhu ko toka-toka ciyawar teku ce. Ruwan ƙasa ko rawaya-rawaya duwatsun murjani ne kusa da saman ruwa, ka nisance su. Idan rana ta karkata tana haske maka ido, duk waɗannan launuka ɓacewa suke yi, ruwan ya koma kamar madubi.

Yashi mai kauri shi ne mafi kyau, sai laka mai danƙo. Ciyawa takan yaudari mutum: anga ta maƙale a saiwoyinta kamar ta kama, iska na ƙaruwa sai ta ɓamɓaro dunƙulen ciyawar ta taho da shi a baki, ba kuma za ta sake nutsewa ba sai ka ɗago ta ka wanke. Murjani kuwa kada ka saki anga a kansa ko kaɗan. Sarƙa tana niƙe abin da ya ɗauki shekaru masu yawa yana girma, kuma kai ma angarka za ta iya maƙalewa ka rasa ta.

Kowane wuri da halinsa. Admiralty Bay a Bequia babba ne, tsaunuka sun kewaye shi, amma iska takan taru a bayan tsaunukan ta zubo da ƙarfi lokaci guda, jirgi ya yi baya ya ja sarƙa da fizga, sannan ta lafa. A wasu sassansa yashin siriri ne a kan ɓaraguzan murjani, sai an gwada fiye da sau ɗaya. Tobago Cays kuwa, ƙananan tsibirai biyar da ba mazauna, akasin haka ne. Wani dogon shingen murjani mai siffar kofaton doki yana karya raƙuman Atlantika, ruwan ciki ya kwanta, amma babu tudun da zai tare iska, gaba ɗayanta take dukanka dare da rana. Yashin wurin yana riƙe anga da kyau. Wurin gandun kariya ne, akwai ma'aikata masu karɓar kuɗin shiga, kuma an keɓe yankin da kunkurun teku ke kiwo kusa da tsibirin Baradal, ba a shiga da jirgi.

Kafin ka saki komai, zagaya wurin a hankali da inji kana kallon na'urar auna zurfi. Yi wa kanka tambaya uku. Idan angata ta saki, me ke bayana, buɗaɗɗen teku ko duwatsu? Idan iska ta juya, ina jirgin zai kai? Idan dole in fita da ƙarfe biyun dare, ta ina zan bi? Amsar ta ukun ka rubuta ta a takarda, da lambar alƙiblar da za ka bi a kamfas, ka manna kusa da sitiyari.

Wanda ya riga ka zuwa shi ke da wuri. Kai ne za ka ba shi tazara, kuma idan jiragenku suka matso juna daga baya, kai ne za ka tashi. Ka lura jirage masu gangar jiki biyu da masu guda ɗaya ba sa juyawa iri ɗaya idan iska ta faɗi, haka wanda ke ɗaure a turken haya da aka kafa a ƙasan ruwa ba ya matsawa kamar mai doguwar sarƙa.

Lissafin sarƙa

Anga ba da nauyinta take riƙe jirgi ba. Ƙarfe mai kilo 20 ko 25 ba zai tsayar da jirgi mai tan 10 ba don nauyi. Aikinta irin na garma ne: idan aka ja ta a kwance sai bakinta ya ƙara shiga ƙasa, idan aka ja ta sama sai ta fito. Saboda haka duk dabarar ita ce sarƙa ta yi tsawon da jan zai zo wa angar a kwance, ko da iska ta miƙar da sarƙar sarai.

Ga yadda ake lissafi. Ɗauki zurfin ruwa, ka ƙara tsayin goshin jirgi daga saman ruwa, ka ƙara abin da ruwa zai ƙaru idan teku ta cika. A nan cikar teku ba ta da yawa, ba ta cika wuce rabin mita ba. Misali zurfi mita 5, goshi mita 1.5, cika rabin mita, jimla mita 7. A daren lafiya ka ninka sau 5, wato sarƙa mita 35. Idan ana sa ran iska, ninka sau 7, wato kusan mita 50. Ka tabbata ka san daga ina na'urarka take auna zurfin, daga saman ruwa ne ko daga ƙarƙashin jirgi, domin mita biyu da aka manta a nan takan zama mita goma sha huɗu da aka rage a sarƙa. Kuskuren da ya fi yawa a wuraren cunkoso shi ne mutum ya rage sarƙa don ya samu shiga tsakanin jirage. Idan wurin ba zai ɗauki sarƙar da kake bukata ba, wurin ba naka ba ne, nemi wani.

Ka kuma lissafa da'irar da jirgin zai iya zagayawa: tsawon sarƙa da tsawon jirgi. Mita 50 da mita 12 sun zama mita 62 ta kowace fuska daga inda angar take.

Saki da kafawa

Sauke filafilai tun a waje, tada inji, janyo igiyar ƙaramin kwale-kwalen da kake ja a baya ta gajarta don kada farfela ta naɗe ta. Ku yi yarjejeniyar alamun hannu tsakanin mai sitiyari da na goshi, domin a cikin iska ba a jin magana, ihu kuma ruɗani yake ƙarawa.

Fuskanci iska kai tsaye, ka taho a hankali zuwa filin yashin da ka zaɓa. Jirgin ya tsaya cak, sannan a saki. A sauke angar ne da sauri har ta taɓa ƙasa, ba jefa ta ake yi ba. Da ta taɓa, bar iska ta tura jirgin baya, ko ka ɗan sa ribas kaɗan, mai goshi yana sakin sarƙa daidai da gudun jirgin ta yadda za ta kwanta a miƙe. Idan aka zubar da ita tuli guda a kan angar, za ta naɗe ta, ta hana ta kamawa.

Idan an saki kamar ninki uku na zurfin, a dakata. Sarƙa za ta miƙe, goshin jirgin ya juyo ya fuskanci iska. Wannan ɗan jan na farko shi ke sa bakin angar ya fara shiga yashi. Ba ta minti ɗaya ko biyu, sannan a saki ragowar. Yanzu sa ribas a hankali, ka riƙa ƙara wuta kaɗan-kaɗan har inji ya kai kamar kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa, ka riƙe shi haka minti ɗaya cur. Kada ka fizga. Fizga tumɓuke anga take yi kafin ta nutse.

A wannan minti ɗin abu biyu ake yi. Mai sitiyari ya dubi gefe ya sami abu biyu a tudu da suka yi layi ɗaya, misali itacen kwakwa a bakin ruwa da kusurwar wani gida a bayansa. Idan sun tsaya a layinsu, jirgi ya tsaya. Idan ɗaya yana zamewa daga ɗaya, kana tafiya. Mai goshi kuma ya ɗora tafin hannu a kan sarƙar can gaba da abin da take gudana a kai, yatsu a buɗe, nesa da injin jan sarƙa. Angar da ta kama, sarƙarta takan yi tauri shiru, ba motsi. Wadda take jan ƙasa za ka ji ta a hannunka tana karkarwa, gir-gir-gir, ta saki ta kama, ta saki ta kama. Idan ka ji haka, kada ka tsaya fatan za ta gyaru. Ɗago ta, duba bakinta, sake daga farko. Sau uku ma ba abin kunya ba ne.

Da yake ruwan nan garau yake kuma da ɗumi, sa tabaran ninkaya ka bi sarƙar ka gani da idonka. Angar da ta kafu da kyau ba za ka ga bakinta ba, sai ɗan wuyanta ko ma sarƙar kawai tana shiga yashi, a bayanta kuma gajeren tsagi na mita ɗaya ko biyu inda ta ja kafin ta nutse. Idan ka tarar da ita kwance a gefe guda a kan yashi, nauyin sarƙa ne kawai ke riƙe da ku.

Igiyar sassauci

Sarƙa ba ta miƙewa. A iska mai sauƙi lanƙwasar da nauyinta ke yi ita ke shanye fizga, amma idan iska ta yi ƙarfi sarƙar takan miƙe tsaf, duk taguwar da ta ɗaga goshi sai ta buga kai tsaye a kan anga da injin ja. Maganin shi ne igiyar nailan, wadda take miƙewa ta dawo. Ɗauki mai tsawon mita 8 zuwa 10, ko fiye idan iskar babba ce, maƙala ƙarshenta a sarƙa da ƙugiya ko ƙulli, ɗaure ɗaya ƙarshen a maɗauri mai ƙarfi na goshin jirgi, sannan ka ƙara sakin sarƙa har nauyin ya koma kan igiyar, sarƙar ta yi lilo a ƙasa. Injin jan sarƙa ba a yi shi don ɗaukar nauyin jirgi ba, kada ka bar masa.

Abokin gabar igiyar nan shi ne gogayya. Duk inda ta taɓa ƙarfe ko gefen jirgi, sa mata riga da guntun tiyo ko ƙyalle mai kauri. A dare mai iska igiya sabuwa fil tana iya cinyewa cikin 'yan awoyi.

Kafin duhu

Rage duk abin da iska za ta kama. Naɗe rumfar inuwa, kwashe shanya, ɗaure babban filafili tamau, ƙara wa na gaba ɗauri don kada iska ta buɗe shi. Idan iskar da ake jira ta kai kilomita 65 ko fiye, sauke na gaban gaba ɗaya ka kai shi ciki. Ɗago kwale-kwale ka ɗaure a sama, ko aƙalla cire injinsa. Kunna farar fitilar anga da ake gani ta kowace fuska. Saita ƙararrawar anga a GPS daga inda angar take, ba daga inda jirgin ya tsaya ba. Bar rediyon jirgi na VHF a tasha ta 16, wato tashar kiran gaggawa. Makullin inji a jikinsa, sitiyari a sake, tocila mai ƙarfi da wuƙa da safar hannu da rigunan ceto a bakin ƙofa. Ku ci abinci da wuri, a zuba shayi a fulas.

Sannan ka zaɓi alamun dare, domin itacen kwakwar nan ba za ka gan shi ba. Nemi fitilu biyu a tudu da ba sa motsi. Ka kuma dubi maƙwabtan da ke gabanka ta inda iska ke zuwa, ka lura da wanda ya saki gajeriyar sarƙa ko ya tafi gari ya bar jirgi ba kowa. Sau da yawa haɗarin daga can yake tahowa.

Idan ta taso

Ku raba gadi, awa biyu-biyu, mai gadi a farke da rigar ceto. Aikinsa duba fitilun layi, duba GPS, zuwa goshi da rarrafe ya duba igiya, ya ɗan matsar da ita don wurin gogayya ya canja. Jirgin da ke kan anga mai kyau yakan yi lilo dama da hagu, amma kullum yana dawowa ya fuskanci iska. Alamar da ba ta ƙarya ita ce ka ga jirgin ya ba iska gefe ya zauna haka bai dawo ba. Anga ta saki ke nan.

Tada inji nan take, bayan ka tabbata babu igiya a ruwa. Idan akwai fili a bayanka, ƙara sakin sarƙa mita 10 ko 15, sau da yawa wannan kaɗai yakan sa ta sake kamawa. Idan ba ta kama ba, ko babu fili, mai sitiyari ya riƙe goshi cikin iska da inji, a ɗago anga, a fita a sake. Idan ta maƙale kuma duwatsu na matsowa, ɗaura balo mai yawo a ƙarshen sarƙa, yanke igiyar nan da ta ɗaure ƙarshen sarƙa da jikin jirgi, ka fita ta alƙiblar da ka rubuta. Gobe ka dawo ka ɗauka. Idan jirgin wani ne ke gangarowa kanka, haska shi da tocila, busa ƙaho, rataya tayoyin kariya a gefe. Kada kowa ya sa hannu ko ƙafa tsakanin jirage biyu.

A lokacin da iska ta fi tsanani za ka iya sa giyar gaba a hankali don rage wa anga nauyi, amma da taka-tsantsan. Idan ka wuce gona da iri jirgin zai hau kan sarƙar, iska ta kwashe goshin gefe, ya dawo da fizgar da ta fi ta farko.

Game da anga ta biyu, ra'ayina shi ne ɗaya babba da aka kafa da kyau da isasshiyar sarƙa ta fi biyu da aka jefa cikin gaggawa. Idan za ka sa ta biyun, sa ta da rana: tuƙa zuwa gefe ka sake ta ta yadda sarƙoƙin biyu za su buɗe kamar kusurwa 45 zuwa 60 daga goshi, ka daidaita su nauyi ya rabu. Amfaninta shi ne rage lilo. Illarta ita ce idan iska ta zagaya za su murɗe da juna, kuma ɗaga biyu cikin duhu wahala ce babba.

Mahaukaciyar guguwa daban ce

Duk abin da na faɗa a sama na iskar hunturu ne da hadarin dare. Idan iska ta kai kilomita 119 a awa an shiga wani babi. A arewacin duniya guguwa tana juyawa ne saɓanin hannun agogo, don haka idan cibiyarta ta bi ta arewa da kai, iska za ta koma yamma, lungun da ya kare ka duk shekara ya zama tarko, raƙuman ruwa suna tura ka tudu. A Nuwamban 1999 guguwar Lenny ta yi tafiyar da ba a saba gani ba, daga yamma zuwa gabas, ta aiko da manyan raƙuman ruwa da suka yi ɓarna a gaɓar yamma ta waɗannan tsibirai duk da cibiyarta tana can nesa a arewa.

An daɗe ana ɗaukar Girenada a matsayin wurin da guguwa ba ta cika kaiwa ba, har Ivan ta faɗa mata a ranar 7 ga Satumban 2004, ta lalata mafi yawan gidajen tsibirin da jirage masu yawa, na ruwa da waɗanda aka ɗora a tudu. A ranar 1 ga Yulin 2024 Beryl ta sauka a Carriacou da iskar kusan kilomita 240 a awa, ta ragargaza Carriacou da Petite Martinique da Union. Jirage da yawa sun ɓuya a kurmin itatuwan bakin ruwa na Tyrrel Bay, wurin da aka saba fakewa, amma da yawansu sun hau kan juna. Waɗanda suka tashi da wuri suka gangara kudu zuwa Trinidad, tafiyar kamar kilomita 150 daga Girenada, wato dare ɗaya, su ne suka fi tsira da jiragensu.

Saboda haka matakin farko shi ne gudu, tun saura kwana biyu ko uku, ba ranar da sama ta canja ba. Idan gudu bai yiwu ba, shiga kurmin da wuri, tura goshi cikin itatuwan, ɗaure igiyoyi da yawa a manyan saiwoyi daban-daban, kai angogi baya da kwale-kwale ka kafa su a buɗe. Cire filafilai duka, da rumfa, da faifan sola idan za su ciru. Sa wa kowace igiya rigar gogayya, rufe bututun da ke shigo da ruwan teku, bar famfon fitar da ruwa a kunne. Daga nan ɗauki fasfo da takardun jirgi da magunguna da ruwan sha, kai da mutanenka ku tafi ginin da hukuma ta keɓe don mafaka. Kada ka kwana a jirgi. A irin wannan iska mutum ba ya iya tsayuwa a goshi balle ya gyara igiya, babu abin da zamanka zai ƙara.

Ɗagawa bayan iska ta wuce

Angar da ta sha daren iska takan nutse sosai, injin ja ba zai iya tumɓuke ta ba, kuma idan ka matsa masa zai ƙone. Cire igiyar nailan, tuƙa gaba a hankali mai goshi yana nuna maka inda sarƙa ta nufa yana tattara ta, har ta tsaya a tsaye daga goshi zuwa ƙasa. Ɗaure ta a maɗauri don nauyin ya bar injin, ka jira. Hawa da saukar da jirgin ke yi a kan ruwa zai sassauta ta cikin 'yan mintuna. Idan ta ƙi, ɗan tura gaba da inji ka wuce ta kanta. Da ta fito, wanke yashi da laka, duba wuyanta ko ya lanƙwashe, duba wayar maƙalli, sannan ka bi igiyar nailan da hannu daga farko zuwa ƙarshe. Duk inda ka ji ta yi tauri ko ta yi sheƙi, zafin miƙewa ne ya narkar da zaren, yanke wurin ko ka canja igiyar kafin ka isa tsibiri na gaba.